Ciniki babu haraji da ake ta faɗa, mu masu tura kaya daga Jidda zuwa Kano ina rabonmu?

Abu Khadija (Bab Sharif, Jidda)

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana cina, don Allah masu sanin harkar kwastam ku taimaka min.

Shekara 11 kenan ina tura abaya da jallabiya da dabino da turare daga nan Jidda zuwa Kano, ƙanena ne ke karɓa a Kantin Kwari ya rarraba wa masu shaguna. Tun wajen 2019 muke jin ana ta maganar wai ƙasashen Afirka sun sa hannu a yarjejeniyar ciniki babu shinge, za a cire haraji a tsakaninsu, gidajen rediyo duk sun yi ta faɗa, har ni da ƙanena muka yi murna muka ce to kuɗin kwastam zai sauka mu ɗan numfasa. Wallahi har yau ko sisi bai sauka ba. Kwantenar da muka haɗa mu 4 kafin azumin bana, kuɗin fito da ita daga tasha ya kusa cinye ribar gaba ɗaya, ga kuɗin kwana da ta yi ta ci saboda jinkiri, abayoyin da ya kamata su shiga kasuwa tun goman farko sai ana saura kwana 6 sallah suka isa Kwari, lokacin kowa ya gama sayayya.

Abin da ya ƙara ɗaure min kai, akwai wani Bamisre maƙwabcin shagona da ke kawo tawul da singileti da zannuwan gado daga Masar, ya ce min shi ba ya biyan jamarik, wato kuɗin kwastam, ko kaɗan, dariba wato harajin VAT kawai yake biya. Ni kuma mai kawo min yadi daga China ana cajinsa duka biyun. To ya abin yake? Wannan yarjejeniya ta Afirka ta shafe mu ko ba ta shafe mu ba? Kuma in dai alheri ce kamar yadda ake faɗa, me ya sa Buhari ya ƙi zuwa sa hannu da farko?

Mukallis_Mina

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni aikina kenan, fitar da kaya a mina, wato tashar jiragen ruwa, don haka bari in faɗa maka kai tsaye kada ka ci gaba da jira: wannan yarjejeniya da ake kira AfCFTA ba ta shafi kayanka ba. Tsakanin ƙasashen Afirka ce kawai, kuma kayan da aka ƙera ko aka noma a Afirka. Saudiyya ba ta ciki, kuma babu wata yarjejeniyar cire haraji tsakanin Saudiyya da Najeriya. Abayarka in ta isa Legas jadawalin ECOWAS ake duba mata, wanda aka fara aiki da shi a 2015, matakai 5 ne: sifiri, kashi 5, kashi 10, kashi 20 da kashi 35. Kayan da aka gama ɗinkawa sai sawa kawai yawanci a kashi 20 suke faɗawa, kafin a ɗora sauran caje-caje.

Shi kuma maƙwabcinka gaskiya ya faɗa maka. Akwai wata yarjejeniya ta ƙasashen Larabawa da aka fara a 1998, aka yi ta rage haraji shekara-shekara har aka kai sifiri a 2005, Masar na ciki Saudiyya na ciki. Amma fa da sharaɗi, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Sai ya zo da shahadar mansha, wato takardar da ke nuna asalin kaya, kuma sai ya zama aƙalla kashi 40 na darajar kayan a can Masar aka samar da shi. Audugarsu ce, masaƙarsu ce, ma'aikatansu ne, shi ya sa yake wucewa. Da zai sayo tawul ɗin China ya sauke a Iskandariya ya manna masa tambarin Masar, in aka gano sai ya biya jamarik da tara a kai. Dariba kuwa ba ruwanta da wannan, kowa na biya, kashi 15 tun Yulin 2020.

Ka lura da Masar da kyau. Tana cikin ta Larabawa, tana cikin COMESA ta gabashi da kudancin Afirka, tana cikin AfCFTA, ga kuma wadda ta yi da Tarayyar Turai. Mai masana'anta a Alƙahira ƙofa 4 ke buɗe masa. Mu kuma Hausawan nan yawancinmu saye da sayarwa muke yi, mu sayi na wani mu kai wa wani, irin wannan yarjejeniya kuwa tambayarta ɗaya ce, wa ya ƙera? Ko abayar da kake turawa ka duba, yadin daga Koriya ko Japan ko China yake zuwa, ɗinki ne kawai ake yi a nan ko Dubai.

Kuma kada ka ɗauka su masu kuɗin sun saki ƙofa haka nan. Ƙasashen Gulf sun haɗe kwastam ɗinsu a 2003, kayan waje yawanci kashi 5, na junansu kyauta. Amma a Yulin 2021 Saudiyya ta fito da sabuwar ƙa'ida, ta ce duk kayan da suka fito daga yankunan ciniki na musamman irin Jabal Ali na Dubai ba za ta ɗauke su a matsayin kayan Gulf ba, haka ma kamfanin da 'yan ƙasa ba su kai kashi 25 na ma'aikatansa ba. Ina mina lokacin, na ga 'yan kasuwa da takardu a hannu suna ta kiran Dubai. Dabinon da kake saye ma, gwada kawo dabino daga waje ka shigo da shi nan ka gani, harajinsa kashi 40 ne, don a kare manoman Ƙasim da Madina da Ahsa.

Maganar Buhari, a Kigali aka sa hannu ranar 21 ga Maris 2018, ƙasashe 44, shi ya fasa tafiyar saboda ƙungiyar ƙwadago da ƙungiyar masu masana'antu sun ce ba a yi shawara da su ba, kuma suna tsoron Najeriya ta zama jujin kayan wasu. Sai a Yulin 2019 ya sa hannu a Yamai. Ofishin yarjejeniyar yana Accra, a takarda an fara ciniki ranar 1 ga Janairun 2021, amma kayan farko da Najeriya ta tura a ƙarƙashin tsarin sai a Yulin 2024 suka bar Apapa. Ni dai ina ganin tana da amfani, don cinikin da ƙasashen Afirka ke yi da junansu bai kai ko kashi 20 na duk cinikinsu ba, abin kunya ne a ce takalmin fata na Kano ya fi wahalar shiga Kamaru a kan na Guangzhou.

Baba Kakuri (Makka, Shari Mansur)

Malam Mukallis Allah ya ƙara ilimi, bayaninka ya fito sarai. Amma inda ka ce tana da amfani, a nan zan tsaya da kai, don ni abin a jikina ya wuce ba a rediyo na ji ba.

Na yi shekara 19 a wata masaƙa a Kakuri, Kaduna, sashen rini. Yaran yanzu ba za su gane yadda wurin yake ba. In aka busa jiniya ƙarfe 2 na rana masu fita suna fita masu shiga suna shiga, kekuna kamar fari, titi ba ya ratsuwa, masu tuwo da masu kunu da masu gyaran keke duk da mu suke ci. Tun 1957 Sardauna ya kafa ta farko a garin, sauran suka biyo baya, audugar kuma daga Funtuwa da Gusau da Malumfashi take zuwa, manomi ya san inda zai kai kayansa tun kafin ya shuka. To sai aka fara ce mana a buɗe kasuwa, gasa tana kawo inganci. Najeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, a 2005 kuma aka cire ƙayyade yawan yadin da ƙasashe ke fitarwa, sai China ta ɓalle kamar an fasa dam. Zanen da muka zauna muka zana a Kaduna, bayan wata 2 sai ka gan shi a kasuwa an buga shi a waje, har tambarinmu an kwaikwaya a bakin zanen, ana sayar da shi rabin kuɗi.

Ba zan yi ƙarya ba, mu ma akwai namu laifin. Babu wuta, injinmu da baƙin mai yake tashi kuma shi ma sai an sha wahala ake samu, injinan sun tsufa, kuma mafi yawan atamfar nan ba ta ƙofa ta shigo ba, ta Kwatano ta biyo ta zagayo ta Maraɗi da Jibiya cikin dare. Amma ai wannan shi ne maganata. Ka ɗauki ɗan dambe da bai ci abinci ba ka tura shi fage ya kara da wanda ubangidansa ke ciyar da shi nama, sannan ka ce ai fili ɗaya aka ba su. Ranar da aka kulle mana get wani abokin aikina zama ya yi a bakin kwalbati riƙe da kwanon abincin da matarsa ta zuba masa, ya kasa komawa gida da shi. Haƙƙinmu na sallama wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Ni da na zo Umara na samu wanda ya riƙe ni a nan, shi ya sa kuke gani na.

Kuma su da suka koya mana wannan karatu ai sun juya. Amurka ta yi irin wannan da Meziko da Kanada a 1994, masarar Amurka mai tallafin gwamnati ta kwarara Meziko ta karya ƙananan manoma, masana'antu kuma suka tsallaka Meziko neman ma'aikata masu arha, kowane ɓangare talakansa ya yi kuka. Trump da wannan kukan ya yi kamfe, ya hau ya sa aka sauya ta a 2020. To in mai ƙarfi ya ce ta yi masa zafi, mu fa? Shi ya sa na ji daɗi da Najeriya ta ƙi sa hannu a wadda Turai ta kawo wa Afirka ta Yamma.

Hajiya Ummu Sultan (Madina)

Baba Allah ya saka muku, labarin nan ya taɓa min zuciya wallahi, mahaifina ma manomin auduga ne. Amma a yi min afuwa in faɗi ɓangaren mu mata. Lokacin da atamfa ke da tsada ina yarinya, akwai gidajen da uwa zane 2 gare ta, ta wanke ɗaya ta ɗaura ɗaya, yara kuma sai shekara ta zagayo ake musu ɗinki. Yanzu mai ƙaramin ƙarfi tana iya yi wa 'ya'ya 5 kayan sallah, ko da roba-roba ce mai zuba. Haka lokacin da aka rufe boda saboda shinkafa, ni ke aika wa gida kuɗin cefane, na san yadda buhu ya yi tsalle, masu injin casa sun samu amma mai saye shi ya ji a jikinsa. Don haka in za a kare masana'anta a kare, amma a sa mata wa'adi, a ba ta wuta ta tsaya da ƙafarta, kada a bar talaka yana sayen abu da tsada shekara da shekaru wai ana kare wani attajiri.

Wad Mai Wurno (Humra, Jidda)

Salam ya jama'a. Ni haifaffen Mai Wurno ne kusa da Sinnar, kakanninmu suna cikin waɗanda suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903, yanzu ina kasuwar dabbobi ta Humra ina harkar ragunan Sudan da ake kira sawakni. Alhaji Abu Khadija ina so ka ji namu, don Sudan ta riga Najeriya shiga waɗannan abubuwa nesa ba kusa ba. Muna cikin ƙasashe 9 da suka fara ciniki babu haraji na COMESA a Oktoban 2000, muna cikin ta Larabawa kuma. Takardu kam muna da su.

Amma mu haraji bai taɓa zama mushkilarmu ba. Rago yakan taso daga Kurdufan, wajen Nuhud da Huwai, a yi masa allura, ya zauna a mahjar wato wurin killace dabbobi, a kai shi Sawakin, a loda shi a jirgi ya tsallako Bahar Maliya zuwa Jidda. A kowane zango akwai mai karɓa, wannan jiha ta karɓa waccan ta karɓa, kafin ya ga ruwa kuɗinsa ya kumbura. Sannan in ya iso nan likita ya ɗebi jini, in ya ce rigakafin bai kama yadda ake so ba sai a mayar da jirgi gaba ɗaya. A 2020 an mayar da jirage da yawa haka, dabba ta yi kwanaki a kan teku ta koma a rame wasu sun mutu, mai ita ya ci bashi ya saya. A Oktoban 2019 kuma rufe ƙofa aka yi gaba ɗaya saboda zazzaɓin Rift Valley. Ni ban ga laifin Saudiyya ba, lafiyar mutanenta take karewa, ga miliyoyin alhazai da ke cin naman hadaya. Laifin na wanda bai gyara mahjar da allura ba ne. Kun tuna jirgin da ya nutse a Sawakin a Yunin 2022 da tumaki sama da 15,000? Lodi ne ya fi ƙarfinsa. Wace yarjejeniya ce za ta gyara wannan?

Siyasa kuma in ta shigo takarda ba ta da ƙarfi. Mu da Masar duk muna COMESA, duk muna ta Larabawa, amma a 2017 gwamnatin Bashir ta hana shigo da kayan gona na Masar, an ce don lafiya ne amma kowa ya san akwai rigimar iyaka kan yankin Halayib a ƙasa. Ɗaya ɓangaren kuma ku dubi ƙaro. Amurka ta sa wa Sudan takunkumi a 1997 amma aka bar wa ƙaro hanya, saboda kamfanonin lemo da alewa da magani ba sa iya yi sai da shi. Ya'ani abin da suke buƙata zai wuce ko ana gaba, abin da ba sa buƙata ko an sa hannu sau 10 za a samo dalilin tsayar da shi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne riɗi. 'Yan'uwanmu Hausawa da yawa a Gadarif suke, su ke yankan riɗi da hannu cikin rana, a zuba a buhu a fitar da shi ɗanye, sai in shiga bakala, wato kanti, a nan in ga ɗahina da halawa da aka yi da riɗin a gwangwani da sunan wata ƙasa, kuɗinsu ninkin-ba-ninkin. A nan na yarda da Malam Mukallis, wanda ya sarrafa shi ke cin yarjejeniya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kuwa maganar ma ta wuce nan, masana'antun Bahri ta Khartoum sun tsaya, ƙaro ta ɓarauniyar hanya yake fita ta Chadi da sauran maƙwabta, mutanenmu na Sinnar da Jazira gudun rai suka yi. Ku sa mu a addu'a.

Ɗan Katsinan Maraɗi (Riyad)

Allah ya kawo ma Sudan lafiya, amin. Ni abu guda zan ƙara. A Yamai garinmu Buhari ya sa hannu cikin watan Yuli 2019, muka yi ta tafi, wata guda bayan nan cikin Agusta ya rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Yayana albasa yake kaiwa, irin ta Galmi, motocinsa 2 suka tsaya a bakin iyaka har ta fara ruwa tana wari, haka aka zubar da fiye da rabi. Alhali tun kafin AfCFTA akwai tsarin CEDEAO, wato ECOWAS, da ya ce kayan gona na yankin su wuce babu kuɗin duwan wato kwastam. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 aka sake rufewa, yanzu ma Nijar da Mali da Burkina sun fice daga CEDEAO ɗin tun Janairun 2025. Baba Kakuri na gane zafinka, amma shinkafar Thailand da atamfar China aka yi fushi da su, mu da muke yare ɗaya da auratayya tsakaninmu muka sha dukan. Mu a bar mu da hanya a buɗe kawai, a rage shingayen da ke tsakanin Maraɗi da Kano, mun gode.

Abu Khadija (Bab Sharif, Jidda)

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Allah ya musanya muku da mafi alheri, ɗan'uwa na Mai Wurno muna tare da ku a addu'a.

Na kira ƙanena daren jiya na karanta masa duka. Mun yi shiru dukkanmu, don shekara 6 muna jiran abin da ba namu ba ne. Sai ya tuna min muna da kwastomomi daga Injamena da Garwa da suke zuwa Kwari suna sayen abayar nan suna tafiya da ita, kuma akwai teloli a unguwarmu da hannunsu bai gaza na nan ba, matsalarsu wuta ce da injin aikin dutse. Muna tunanin mu gwada tura yadi kawai da injuna 3 da sola, a ɗinka a Kano ko dozin 20 ne mu gani.

Malam Mukallis tambayata a nan, in yadin na Koriya ne amma yanka da ɗinki da ado duk a Kano aka yi, za a ba ta takardar asalin Najeriya ta shiga Kamaru da sauƙin haraji, ko sai yadin ma ya zama na Afirka? Kuma a wane ofishi ake neman takardar a Kano? In akwai wanda ya taɓa yi a zauren nan don Allah ya yi min magana, ina shago kullum daga bayan la'asar.